1899: Shekarar da Aka Ƙwace wa Ƙasar Tasawa Sau Biyu

Duk wanda ya bi babbar hanyar kwalta da ta tashi daga Maraɗi ta nufi Damagaram, in ya wuce Tasawa da ɗan tazara zai iske garin Maijirgi. A nan ake nuna wa baƙo kaburbura biyu, a ce masa wannan na Kyaftin Paul Voulet ne, wancan na Kyaftin Julien Chanoine, hafsoshin Faransa da sojojinsu suka harbe a tsakiyar watan Yuli na 1899. An san ranar da kowannensu ya mutu, an san iyayensu da garuruwan da aka haife su, an rubuta littattafai a kansu har an gaji. In baƙon ya juya ya ce, to ina makwancin mutanen da waɗannan biyu suka kashe, sai a nuna masa daji da hannu.

Daga Hawandawaki, can kudu dab da iyakar Najeriya, zuwa Maijirgi ba tafiyar da za ta cinye wuni ba ce a kan babur, kuma gunduma ɗaya ce. Amma yaron da ke zaune a aji a Hawandawaki, in har labarin wannan shekara ya iso kunnensa, cikin riguna biyu yake iso masa, babu kuwa wadda aka ɗinka a ƙasarsu. Ta farko Faransawa suka ɗinka ta: wai wasu hafsoshi biyu ne rana ta taɓa musu ƙwaƙwalwa har suka kashe na gaba da su. Ta biyu a Yamai aka ɗinka ta: wata jarumar sarauniya ce a Lugu ta tsaya wa Nasara. Tsakanin waɗannan riguna, ƙasar Tasawa, inda abin ya kai ƙarshensa, ta koma fagen da baƙi suka yi wasansu suka wuce, mutanenta kuwa sun koma ƴan kallo a shekarar da su aka kashe.

Ga yadda abin ya gudana, a taƙaice. A 1898 gwamnatin Faransa ta tura wani ayarin soja da ta raɗa wa suna Mission Afrique Centrale, domin ya ratsa daga kogin Kwara ya kai tafkin Cadi, ya haɗu da wasu ayarori biyu, ɗaya daga Aljeriya ƙarƙashin Foureau da Lamy, ɗaya daga Kwango ƙarƙashin Gentil. Turawan da ke cikinsa tara ne kacal. Sauran sojoji ne baƙar fata, ɗaruruwa, da aka ɗebo daga ƙasashen yamma, sai ƴan dako wajen 800 da aka kamo da ƙarfi, mafi yawansu Mosawa, ga mata, ga dabbobi. Tun a Sansane Hausa, a watan Janairu na 1899, aka kashe mutum sama da 100, har da mata da ƙananan yara. A watan Afrilu aka auka wa Lugu, garin Sarauniya Mangu. A watan Mayu aka ƙone Birnin Ƙonni, aka yi kisan da har yau ba a daidaita kan yawansa ba. Wani laftanar mai suna Peteau da aka kora daga ayarin ya rubuta wa budurwarsa abin da ya gani, takardar ta kai hannun ministan ƙasashen mallaka a Paris, aka umarci Laftanar-Kanar Jean-François Klobb, mai riƙe da Tumbutu, da ya bi sawunsu. Bai sha wahalar neman hanya ba, domin toka da gawarwaki suka yi masa ja-gora. A Koran Kalgo ya rubuta a kundinsa cewa ya ga ƴan mata biyu ƙanana rataye a reshen itace. Bayanan Faransawa da kansu sun ambaci mata da yara wajen 150 da aka kashe a cikin waɗancan kwanaki don fansar sojoji biyu. Ranar 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasar Faransa, Klobb ya cim ma Voulet a Ɗankori, Voulet ya sa aka buɗe masa wuta ya faɗi matacce. Ranar 16 sojojin ayarin suka harbe Chanoine, ranar 17 suka harbe Voulet.

Ƙwace na farko ya soma ne tun daga sunan da aka ba al'amarin. Laftanar Paul Joalland, wanda ya yi tafiyar tun daga farkonta, ya kuma kai ga muƙamin janar daga baya, ya wallafa littafinsa a 1930 da sunan Le drame de Dankori. Ke nan masifar a Ɗankori ta auku, wurin da Bature ɗaya ya faɗi. Watanni shida na ƙone-ƙone daga bakin Kwara zuwa ƙasar Tasawa sun zama shimfiɗa, harsashin da ya sami Klobb shi ne labari. Da ɗan majalisa Paul Vigné d'Octon ya nemi majalisar dokokin Faransa ta kafa kwamitin bincike a 1900, aka ƙi. Binciken da ma'aikatar ƙasashen mallaka ta yi aka rufe shi a 1902. Bayanin da ya rage a bakin jama'a shi ne wata cuta da suka kira soudanite, wai haukan da zafin ƙasar Sudan ke jefa wa Bature.

Wannan bayani ba ya jure tambaya ko ɗaya. Voulet da Chanoine ba baƙi ba ne ga waɗanda suka aike su. Su ne suka ci Wagadugu da yaƙi a 1896, suka cinna mata wuta, kuma saboda wannan aiki aka yaba musu, aka ga sun cancanci babban aike. Mahaifin Chanoine janar ne, ya riƙe ma'aikatar yaƙi ta Faransa a ƙarshen 1898. Sannan akwai lissafin ruwa da hatsi, wanda ko ɗan aji shida zai iya yi. Yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka sa wa hannu ranar 14 ga Yuni 1898 ta bar wa Ingila duk ƙasar da ke cikin mil 100 kewaye da Sakkwato, ta bar wa Faransa hanyar arewa mai ƙarancin rijiyoyi. An tura taron da ya doshi mutum dubu biyu ta wannan hanya ba tare da guzurin da zai ishe shi ba. Wanda ya tsara haka a kan tebur ya san cewa rumbun wani za a fasa, rijiyar wani za a ƙafe, duk garin da ya rufe ƙofa kuma da bindiga za a buɗe shi. Mahaukaci ba ya buƙatar taswira da kasafin kuɗi. Hujjar da ta fi kowacce nauyi ita ce abin da ya biyo bayan mutuwarsu: ayarin bai juya ba. Laftanar Pallier ya karɓi ragama, a ƙarshen Yuli aka gwabza da Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga a Tirmini, aka shiga birnin Damagaram, a watan Satumba aka kashe sarkin. Joalland da Meynier suka wuce Cadi, ranar 22 ga Afrilu 1900 aka kashe Rabe a Kuseri. Faransa ta yi tir da mutum biyu, ta riƙe duk abin da suka samo mata. Ƙasar da ake kira Nijar a yau a kan wannan sawu aka shata ta, babbar hanyarta ma kusan nan ta bi.

Akwai abin da littattafan hafsoshin ba su tsaya a kansa ba, alhali duk manomin gero ya san shi ba sai an faɗa masa ba. Watan Yuli a ƙasar Tasawa tsakiyar aiki ne. An yi shuka, ana noman fari, abin da ya rage a rumbu na bara ne kuma ya kusa ƙarewa, shi ake lallaɓawa a kai ga sabon hatsi. Garin da aka ƙone wa rumbuna a wannan lokaci, aka kore masa shanu da awaki, majiya ƙarfinsa suka watse daji suka bar gonaki ga ciyawa, ya yi asarar shekara biyu a mako ɗaya: ta bara da ke rumbu, da ta bana da ke gona. Rijiya kuwa a wannan ƙasa aikin watanni ce, wani lokaci gadon kakanni. In gawa ta faɗa cikinta, gari ne ya tashi. Waɗanda yunwa da gudu suka kashe bayan ayarin ya wuce babu wanda ya ƙidaya su, domin mai ƙidayar yana gaba yana neman Damagaram. Ina waɗanda suka gudu suka nufa? Iyakar da ke kudu da Hawandawaki a lokacin zane ce a takarda, sai tsakanin 1906 da 1908 aka bi ta aka kafa mata alamu. Mai gudun ceton rai ba abin da zai tare shi tsakanin Tasawa da ƙasar Daura ko ta Katsina. Wannan tambaya ce da amsarta ke cikin tarihin kafuwar ƙauyuka da unguwanni, a bakin masu gari da tsofaffin mata, ba a Paris ba.

Ƙwace na biyu ya fi ciwo, domin na gida ne, kuma da kyakkyawar niyya aka yi shi. Abdoulaye Mamani ya wallafa littafinsa Sarraounia a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Ba mai musun alherin da wannan ya yi: ya ba ƴan Nijar fuska da suna a labarin da a da babu baƙar fata mai suna a cikinsa. Sai dai Mamani ƙagaggen labari ya rubuta, bai ce kundin tarihi ba ne, Lugu kuma tana ƙasar Arewa, ɗaruruwan kilomita yamma da Tasawa. Da aka ɗauki sarauniya ɗaya aka ɗora mata shekarar gaba ɗaya, sai sauran garuruwa suka sami uzurin yin shiru. Labarin jarumta yana da daɗin faɗa a ranar biki. Labarin ƙauyen da ya ba da hatsi don tsoro, aka kuma ƙone shi duk da haka, ba ya shiga waƙar ƴan makaranta, amma shi ne labarin mafi yawan mutane.

Kuma akwai tambayoyin da taken kishin ƙasa ba ya son a yi. Turawa tara ba su iya ƙone Ƙonni su kaɗai. Hannuwan da suka riƙe bindigogin na ƴan Afirka ne, wasu an tilasta su, wasu ganima ta ja su, kuma waɗannan hannuwa ne dai suka kawo ƙarshen Voulet da Chanoine a Maijirgi. Me za a kira su? Matan da aka kama a garuruwa aka raba wa sojoji, waɗansu an wuce da su gabas, waɗansu an koma da su yamma. Suna da dangi da suka yi ta jiran dawowarsu. Ƙasar da ayarin ya shigo ma ba a kwance take ba. Rigimar Sarki Mijinyawa da Ƙaura Hasau ta riga ta raba gidan sarautar Katsinar Maraɗi, har Mijinyawa ya koma Tasawa da zama, ga Damagaram a gabas tana da nata buri. Kowane mai sarauta ya auna baƙin nan da ma'aunin abokan gabansa na gida, wani ya ga bala'i, wani ya ga dama. Malamin da ya ɓoye wa ɗalibansa wannan bai kare mutuncin kowa ba. Ya dai hana su fahimtar yadda mutum tara suka ratsa ƙasa mai dawaki da garuruwa masu ganuwa.

Tun daga 2023 magana a kan Faransa ta yi zafi a Nijar. Sojojinta sun fice a watan Disamba na wannan shekara, a 2024 an sauya sunayen wasu tituna a Yamai, a watan Maris na 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa. Kowa na da ra'ayinsa a kan waɗannan matakai. Abin da ba ra'ayi ba ne shi ne, sauke allo a Yamai bai ƙara sunan mamaci ko ɗaya a tarihin Koran Kalgo ba. Zagin wanda ya ɓata tarihi aiki ne mai sauƙi, rubuta tarihin shi ne mai cin takalmi.

Akwai darasi a wani wuri mai nisa, a shekarar da ke maƙwabtaka da wannan. A jihar Karolina ta Arewa, cikin kudancin ƙasar Amurka, ranar 10 ga Nuwamba 1898, gungun fararen fata ɗauke da makamai suka ƙone ofishin jaridar Daily Record ta Alexander Manly a birnin Wilmington, suka kashe baƙaƙen fata da dama, suka kori zaɓaɓɓun shugabannin birnin, jagoransu Alfred Waddell ya zama magajin gari. Shekara ɗari ana koyar da abin a matsayin tarzomar da baƙaƙe suka tayar, wato waɗanda suka yi kisan su suka raɗa wa shekarar suna, kamar dai yadda Joalland ya yi. A 2000 majalisar dokokin jihar ta kafa kwamiti, a 2006 ya fitar da rahoto mai tabbatar da cewa juyin mulki ne da aka shirya. Amma abin da ya fi dacewa da malaman ƙasar Tasawa ba kwamitin ba ne. Ɗaliban makarantun birnin, tare da wasu marubuta, su suka bi diddigin kwafin jaridar Manly da suka tsira daga wuta. Masu bincike na gari suka gano kabarin ɗaya daga cikin waɗanda aka kashe, Joshua Halsey, a 2021 aka yi masa jana'iza a gaban zuriyarsa, shekara 123 bayan mutuwarsa. Mutum ɗaya ne, amma da sunansa.

Za a ce ai su suna da takardu, nan kuwa sai baki, baki kuma yana ƙari yana ragi. Gaskiya ne yana yi. To amma takardun Faransa da ke ajiye a Aix-en-Provence su wa suka rubuta su? Waɗanda ake tuhuma ne da abokan tafiyarsu, kowanne yana wanke kansa yana jingina laifi ga matattu biyu da ba su iya musu. In ana karɓar shaidar Joalland da taka-tsantsan, babu dalilin ƙin karɓar ta jikar matar da ta ɓuya a cikin kalgo, da irin wannan taka-tsantsan. Nijar kuwa ba baƙuwar wannan ilimi ba ce. Tun 1968 Yamai ke riƙe da cibiyar nazarin tarihin baka da ake kira CELHTO a yau, ga IRSH, ga ayyukan Boubou Hama da André Salifou da Djibo Hamani, ga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi. An san yadda ake yi: a tambayi mutum fiye da ɗaya, a rubuta wa ya faɗa kuma daga wa ya ji, a gwada da jerin masu gari da shekarun yunwa da aka sani, a ajiye saɓani yadda yake ba tare da an daka shi ya zama gari ɗaya ba.

Abin kunya ne a ce sai da fim ɗin African Apocalypse na Rob Lemkin ya fito a 2020 kafin duniya, har da ƴan boko da yawa na cikin gida, su ji muryoyin zuriyar waɗanda aka kashe. Fim ɗin ya yi aikin kirki, amma ko shi ta ƙofar littafin Joseph Conrad ya shigo, wato sai da aka nemo wani Bature na ƙage kafin a gane Bature na gaske. Bayan haka wasu al'ummomin da abin ya shafa sun kai kuka ga wani mai bincike na musamman na Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2025 Faransa ta amsa cewa ƙofarta a buɗe take ga tattaunawa, ba tare da ta amsa laifi ba. Neman haƙƙi daidai ne, buɗe takardu kuma wajibi ne. Sai dai mai ƙara da ya je gaban alƙali ya ce an kashe masa mutane, aka ce su wa, a ina, yaushe, ya ce da yawa ne, ya ba abokin shari'arsa hutu. Gwamnati na iya aika takarda Paris. Jerin garuruwa da rijiyoyi da zuriyoyi kuwa sai wanda ke kwana a cikinsu.

Ko kaburburan Maijirgi ma sun sami mai bincike. A 1923 Robert Delavignette, wani matashin jami'in mulkin mallaka da ke aiki a Tasawa, ya sa aka tone su, ya ce bai iske kowa a ciki ba, daga nan aka yi ta ƙirƙirar tatsuniyoyi cewa hafsoshin sun tsira sun shige hamada. Shekara ɗari ke nan ana muhawara a kan ramuka biyu da babu kowa, babu wanda ya tashi da awo da alƙalami ya bi rijiyoyin da aka bari.

Wannan aiki na malaman makaranta ne da ƙungiyoyin al'adu, kuma bai fi ƙarfinsu ba. Malami a Hawandawaki ko Korgom ko Maijirgi ko Mayahi na iya tura ɗalibansa gida da tambayoyi kaɗan a hutun damina: yaushe aka kafa garin nan, daga ina kakanni suka taso, me ya tashe su, wace rijiya aka daina sha kuma don me, da wane suna tsofaffi ke kiran shekarar da Nasara suka fara wucewa. Garin da ya ce ayarin bai biyo ta kansa ba, wannan ma amsa ce, a rubuta ta, domin da ita ake gane inda sawun ya tsaya da inda ƴan gudun hijira suka sauka. A rubuta da Hausa, da kalmomin mai magana, a ɗauki murya a wayar hannu, ƙungiya ta tattara, a kai kwafi jami'a, a bar kwafi a makarantar garin.

Lokacin da ya rage ana iya lissafa shi. Yarinyar da ke da shekara 10 a 1899, in ta kai 80, ta rasu a wajen 1969. Jikanta da ya zauna gabanta yana ɗan shekara 15 a lokacin, yau ya haura 70. Waɗannan su ne na ƙarshe da suka ji labarin daga bakin wanda ya gani da idonsa, kuma suna zaune a ƙofar gidajensu a ƙasar Tasawa, mafi yawansu ba wanda ya taɓa zuwa da littafi ya tambaye su.